Danae ta Rembrandt: ɓarnar safiya ɗaya, gyaran shekara 12

Gidan tarihi na Hermitage da ke birnin St. Petersburg a Rasha yana da zane-zanen shahararren mai zane Rembrandt fiye da 20. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira Danae, ya ɓace daga bangon gidan daga watan Yuni na 1985 har zuwa Oktoban 1997. Wani mutum ne ya yanke shi da wuƙa ya kuma watsa masa asid. Ga yadda lamarin ya faru, da matakan da aka ɗauka, da inda aka kwana.

Zanen da labarin da ke cikinsa, 1636

Zane ne na fentin mai a kan ƙyalle, tsayinsa santimita 185, faɗinsa kusan 203. Rembrandt van Rijn, mutumin ƙasar Holan, ya sa masa hannu da shekarar 1636. A lokacin yana da shekara 30, yana zaune a Amsterdam, kasuwarsa tana ci, kuma shekara biyu ke nan da aurensa da Saskia van Uylenburgh. Zamanin salon Barok ne, wanda ya mamaye Turai tun daga wajen 1600. Masu wannan salo suna son haske mai ƙarfi a tsakiyar duhu, suna kuma son kama labari daidai lokacin da abu ke shirin faruwa, kafin ya gama faruwa.

Labarin daga tatsuniyoyin Girkawan dā ya fito. Acrisius, sarkin Argos, ya samu labari daga masu duba cewa ɗan da 'yarsa Danae za ta haifa shi ne ajalinsa. Sai ya kulle ta a ɗakin tagulla don kada namiji ya kai gare ta. Zeus, babban abin bautarsu a wancan zamani, ya shiga ɗakin a siffar ruwan zinariya, ta samu ciki, ta haifi Perseus. Sarkin ya sa uwa da ɗa a akwati ya jefa cikin teku, ruwa ya kai su tsibirin Seriphos. Bayan shekaru, Perseus ya girma, ya jefa faifan wasa a wata gasa, faifan ya sami kakansa ya kashe shi ba da niyya ba.

Masu zane da yawa sun taɓa wannan labari. Titian na Italiya ya zana shi da tsabar zinariya suna zubowa daga sama, wata tsohuwa tana tarewa, kuma ɗaya daga cikin waɗannan zane-zane nasa yana Hermitage ɗin. Rembrandt bai sa tsaba ko ɗaya ba. Danae tana kwance a kan wani ƙasaitaccen gado ba tufafi a jikinta, ta ɗan ɗago, ta miƙa hannun dama wajen wani haske mai ruwan zinariya da ke shigowa ta inda wata tsohuwar baiwa ta ɗage labule. A saman gadon akwai siffar wani ɗan yaro mai fukafukai, an ɗaure masa hannuwa, yana kuka. Takalmanta suna ƙasa a gefen gado. Zeus ɗin ba a ganinsa, hasken ne ya tsaya a madadinsa, kuma wurin da hasken ya sauka shi ne fatar matar: fuska, hannu, ciki, ƙafafu. A riƙe wannan, domin nan ne asid ya sauka.

Akwai wani abu kuma. Da aka ɗauki zanen da na'urar hoton ƙashi irin ta asibiti, an ga cewa Rembrandt ya koma kansa bayan 1640 ya sake zana tsakiyarsa: ya canza fuskar, ya canza yadda hannun ya ɗagu, ya sake tsarin hasken. Saskia ta rasu a 1642. Masana da yawa suna ganin fuskar farko tata ce, ta biyun kuma ta ɗauko kamannin Geertje Dircx, matar da ta zo rainon ɗansa Titus. Ke nan a tsakiyar zanen akwai aiki biyu, ɗaya a kan ɗaya, kuma na saman shi ne na Rembrandt da hannunsa ya ƙara nuna.

Daga Amsterdam zuwa Leningrad, 1656 zuwa 1985

Da bashi ya karya Rembrandt a 1656 aka rubuta kayan gidansa, a cikin jerin akwai wani babban zanen Danae, wanda masana da dama ke ɗauka wannan ne. Daga baya ya shiga hannun Pierre Crozat, wani attajiri mai tara zane-zane a Paris. A 1772 Sarauniya Catherine ta Biyu ta Rasha ta sayi tarin gidan Crozat, da taimakon masanin Faransa Denis Diderot, aka kai shi Rasha. Ya tsallake juyin juya halin 1917. A 1941, da sojojin Jamus suka doshi Leningrad, kamar yadda ake kiran St. Petersburg a lokacin, an kwashe manyan kayan gidan a jirgin ƙasa zuwa birnin Sverdlovsk, aka dawo da su a 1945. Har zuwa 1985 yana rataye a ɗakin Rembrandt ba gilashi a gabansa, wanda ya matso zai iya taɓa shi da hannu.

Asabar, 15 ga Yuni 1985

Da safe, ba a daɗe da buɗe ƙofa ba, wani mutum mai shekara 48 daga Lituweniya, wadda ke cikin Tarayyar Sobiyet a lokacin, ya shiga ɗakin. Ya zaro wuƙa ya yanki zanen sau biyu a jikin Danae. Ya kuma buɗe wata kwalba ya watsa masa asid ɗin sulfur, wato irin sinadarin da ke cikin ruwan batir, sai dai wannan mai ƙarfi ne ƙwarai, ba a sirka shi kamar na batirin mota ba. An kama shi nan take. Daga baya kotu ta yanke cewa yana da tabin hankali, aka tura shi asibitin masu wannan lalura, inda ya yi shekaru.

Yankan wuƙa a wajen masu gyaran zane ba sabon abu ba ne. Ana haɗa zaren ƙyallen, a cike tsagar, a rufe. Asid ne babbar masifar. Wannan sinadari yana zuƙe ruwan da ke cikin duk wani abu da ya fito daga tsiro ko dabba, ya bar shi baƙi kamar an ƙona. Fentin Rembrandt garin launi ne da aka kwaɓa da man tsiro, an kuma shafe samansa da man ƙyalli na ƙaro. Duka biyun abincin asid ne. Ya fara cinye man ƙyallin, ya shiga fentin, ya narkar da man da ke riƙe da launi. Inda ya haɗu da farin dalma, wanda da shi ake haɗa launin fata, sai ya sauya shi zuwa wani sinadari dabam. Zanen yana tsaye a bango, don haka abin da ya narke ya riƙa gangarowa layi-layi, baƙi-baƙi, yana cin duk abin da ya bi ta kansa har zuwa ƙasan firam.

Sa'o'in farko

Ranar hutun ƙarshen mako ce, kuma gidan ba shi da wani tsari da aka tanada don irin wannan hari. Sai da aka nemo masu gyaran zane, aka tuntuɓi masana sinadarai. Duk tsawon wannan lokaci asid yana aikinsa.

Hanyoyin da hankali zai fara kawowa duk suna da illa. In aka goge da tsumma, an shafe narkakken fenti a kan wuraren da ke da lafiya. In aka kwantar da zanen a ƙasa, asid zai taru wuri ɗaya ya nutse har cikin ƙyalle, ya kuma bazu gefe da gefe. In aka zuba sinadari mai kashe kaifin asid, irin su soda mai ƙarfi, shi kuma yana mai da mai ya zama sabulu, fentin kuwa mai ne. Ruwa ma yana da nasa haɗarin: kaɗan daga cikinsa in ya haɗu da asid mai ƙarfi zafi yake tayarwa, ga shi kuma tsohon ƙyalle da gam ɗin da ke jikinsa ba sa son jiƙa.

Shawarar da aka tsaya a kai ita ce ruwa, mai yawa, zanen kuma a bar shi a tsaye. Dalilin tsayuwar shi ne ruwan wankin ya bi hanyoyin da asid ya riga ya ɓata ya sauka, kada ya buɗe sababbi. Aka fara wankewa a ranar. An ruwaito cewa har da baki aka riƙa fesa ruwan, kamar yadda mai guga ke fesa wa tufafi, don ya sauka a hankali ba tare da wani abu ya taɓa fentin da ya yi laushi ba. Haka aka ci gaba har kaifin asid ɗin ya mutu. Wannan mataki bai dawo da komai ba. Abin da ya yi shi ne ya tsayar da ɓarnar inda ta kai.

Ƙididdigar hasara

Da zanen ya bushe aka duba shi da kyau, an ƙiyasta cewa kashi 27 cikin 100 na fentin Rembrandt ya tafi. Faɗin zanen duka ya kusa murabba'in mita 4, ke nan abin da aka rasa ya kai kimanin murabba'in mita 1. Adadin bai faɗi gaskiyar duka ba, domin hasarar ba ta rabu daidai a ko'ina ba. Tsakiya ta fi shafa: fuskar Danae da gashinta, hannunta na dama, da ƙafafunta. Gefuna da saman zanen sun tsira da sauƙi.

Ɓarnar kuma ba iri ɗaya ba ce. A wasu wuraren man ƙyallin sama kawai ya tafi. A wasu, siraran shimfiɗun launi na ƙarshe ne suka narke, waɗanda Rembrandt ke shafawa shara-shara a kan juna don haske ya ratsa ya dawo, abin da ke sa fata ta zama kamar da jini a cikinta. A wasu wuraren an kai har kan shimfiɗar farko da ake yi wa ƙyalle kafin a fara zane. A kan duk wannan kuma ga busassun layukan abin da ya gangaro, cakuɗen fenti da man ƙyalli da asid, sun daskare sun manne.

Gardama kan abin da za a yi

Hukumomin Sobiyet ba su yi gaggawar sanar da jama'a girman abin da ya faru ba. Aka kafa kwamitin gwamnati don sa ido a kan gyaran. Daraktan gidan a lokacin shi ne Boris Piotrovsky, wanda ke riƙe da muƙamin tun 1964.

Akwai hanyoyi uku a gaba. Ta farko, a samu ƙwararre ya sake zana duk wurin da ya lalace, yana duba hotunan da aka ɗauka kafin harin, a mayar da zanen bango cikin ɗan lokaci kamar ba abin da ya faru. Wannan ita ce ta fi yi wa jami'an da ke son rufe maganar daɗi, kuma an matsa a kanta. Ta biyu, a tsayar da lalacewa kawai, a bar zanen da tabonsa yadda yake, ya zama shaida. Ta uku tana tsakani: a ceci duk ƙwayar fentin Rembrandt da ta rage, a cire abin da ba nasa ba, sannan a rage kaifin gurabun da suka rage da launi mai laushi don ido ya iya karanta zanen gaba ɗaya, ba tare da an ƙirƙiro abin da babu ba.

Hanyar farko tana da matsalar da ba ta gyaruwa. Hoto yana nuna launi da siffa, amma ba ya nuna shimfiɗa nawa aka yi, da kaurin kowace, da yadda burushi ya bi. Kuma don sabon fenti ya haɗu da tsoho ba a ga tabo ba, dole mai gyara ya haura kan gefen na asali ya rufe shi. Da an bi ta nan, da mai kallo ya tsaya gaban fuskar da wani ya zana a 1986 yana zaton ta Rembrandt ce. Masu gyaran Hermitage suka ƙi. Hanya ta uku aka ɗauka.

Aikin, 1985 zuwa 1997

Mutum uku ne suka riƙe aikin daga farko har ƙarshe: Yevgeny Gerasimov, wanda ya jagoranta, da Alexander Rakhman, da Gennady Shirokov. Tatyana Alyoshina ta kula da ɓangaren tsarin binciken kimiyya.

Sun fara da ƙarfafa abin da ya rage. Fentin da ya sha asid ya kuma sha ruwa yana saki daga jikin ƙyalle, in ba a manne shi ba zai riƙa ɓarewa da kansa. Masu gyara a Rasha sun daɗe suna yin irin wannan aiki da gam ɗin da ake samu daga jikin wani babban kifi na kogunansu, a sirka shi da zuma don kada ya bushe ya yi tauri ya tsage fentin. Aka haɗa yankan wuƙar, aka ƙarfafa bayan ƙyallen.

Sai aikin da ya fi cin lokaci: cire busassun layukan nan. Ana yinsa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, da 'yar wuƙa irin ta tiyata, wurin da bai wuce kan farce ba yana iya cin yini. Wahalar ita ce layin da ya gangaro yana ɗauke da fentin Rembrandt da ya narke daga sama, kuma ya manne a kan wani fentin Rembrandt ɗin da ke ƙasa, launinsu kusan ɗaya. Mai aikin sai ya gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. In ya zurfafa kaɗan, garin neman gira ya rasa ido. Ƙa'idar irin wannan aiki ita ce duk inda cirewa za ta tafi da na ƙasa, a dakata. Kowane mataki ana ɗaukar hotonsa, ana rubutawa, ana kai wa kwamiti kafin a wuce gaba.

A gefe guda an yi ta binciken sinadaran zanen, da na abin da ya narke aka tattara, don a san da me Rembrandt ya yi aiki da kuma me asid ya mai da su. Wani abin baƙin ciki a nan shi ne raunin ya buɗe wa masana shimfiɗun ciki da ba za a taɓa yarda a buɗe da gangan ba, suka ga yadda ya gina jikin matar daga ƙasa zuwa sama.

A ƙarshe aka zo kan cike gurabu. An daidaita ramukan da saman fentin da ke kewaye, aka shafa sabon man ƙyalli, sannan aka sa launin gyara a kansa, a cikin gurbi kaɗai, ba a haura kan na asali ba. Amfanin sa shi a saman man ƙyalli shi ne duk ranar da wasu suka zo da ilimin da ya fi wannan, za su iya wanke aikin gyaran su bar na Rembrandt yadda yake. Inda ƙananan bayanai suka tafi gaba ɗaya, ba a ƙirƙiro su ba.

Duniya ta canza a kan masu aikin suna duƙe. Boris Piotrovsky ya rasu a 1990. A 1991 Leningrad ta koma St. Petersburg, Tarayyar Sobiyet ta rushe, ƙasar maharin ta zama mai cin gashin kanta. Kuɗin gidajen tarihi ya yi ƙasa ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. A 1992 Mikhail Piotrovsky, ɗan tsohon daraktan, ya karɓi ragamar gidan. Aikin bai tsaya ba, ba a kuma canza masu yinsa ba.

Oktoba 1997

An mayar da Danae gaban jama'a a watan Oktoba na 1997, a bayan gilashi mai sulke. Daga nesa zanen yana karantuwa: ga gado, ga labule, ga tsohuwa, ga hannun da aka miƙa wa haske. In mutum ya matso zai ga bambanci. Labulen da kayan gadon suna da kauri da zurfin launi irin na Rembrandt, ƙafafun matar kuwa sun yi fayau, launinsu ya kwanta, kamar an rage musu nauyi. Gidan tarihin bai ɓoye wannan ba, ya baje hotunan ɓarnar da na matakan gyaran ga duk mai son gani.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Gazawa ta farko ta riga harin. Zane irin wannan yana rataye a buɗe, mutum ya shigo da wuƙa da kwalbar asid ba wanda ya duba shi. Gilashin 1997 ihu ne bayan hari.

Gazawa ta biyu ita ce lokacin da aka ɓata kafin ruwa ya taɓa zanen, kuma akwai abin da za a auna ta da shi. A 1990 wani ya fesa asid a kan babban zanen Rembrandt na masu gadin birni da ke gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam. Masu tsaron ɗakin suka yi maza suka fesa masa ruwa a nan take, asid ɗin bai wuce man ƙyallin sama ba, zanen ya warke sarai. Yawan asid ɗin da yadda aka watsa shi ba ɗaya ba ne a wuraren biyu, amma maganin ɗaya ne, kuma a Amsterdam wanda ke tsaye kusa da zanen ya san shi, ruwan kuma yana kusa. A Leningrad sai da aka nemo masu sani.

Wanke zanen a tsaye da ruwa mai yawa shawara ce daidai, kuma ita ce ta ceci kashi 73 ɗin da ya rage. Mutanen da suka yanke wannan shawara sun yi haka ne suna sane da cewa in ta ɓaci su za a kama.

Ƙin sake zana tsakiyar shi ne abin da na fi girmamawa a lamarin nan. Yana da tsada: shekara 12 zanen ba ya bango, kuma abin da aka mayar bai kai na dā kyau ba. Akwai masu ganin an ma sa launin gyara fiye da kima, akwai masu ganin bai isa ba, kuma duka biyun suna da abin faɗa. Ni dai ina tare da Gerasimov da abokan aikinsa. Mutumin da ya biya kuɗi ya shiga ɗakin Rembrandt yana da haƙƙin ya san cewa abin da ya burge shi hannun Rembrandt ne, inda kuma ya ga ya dushe, a nan ne aka yi hasara. Siraran shimfiɗun da ya shafa a jikin matar bayan 1640 sun narke sun gangara ƙasa a safiyar 15 ga Yuni, kuma babu wani mai gyara, komai ƙwarewarsa, da ya taɓa da'awar zai iya mayar da su.